Wasiƙa daga Birmingham: kuɗin jinya da zaman falo

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kun wuni lafiya, ya jikin Hajiya?

Ka ce an ba ka labari a Kwari wai lokacin korona a nan Ingila mutum na kwance a gida albashi na shigo masa. Haka ne, sai dai mai labarin rabi ya ba ka.

Da aka rufe gari a Maris 2020, Rishi Sunak, ministan kuɗi na lokacin, ya fito da wani shiri mai suna furlough, da mu Hausawan nan muke kira falo, sunan ma ya dace, don a falo ake zama a ci kuɗin. Duk wanda wurin aikinsa ya tsaya, ana biyansa kashi 80 cikin 100 na albashi da tallafin gwamnati, iyaka fam 2,500 a wata, har ƙarshen Satumba 2021. Maƙwabcinmu mai aikin otal wata da watanni ya yi a haka, har tumbi ya ajiye. Mu masu kula da tsofaffi ko ƙamshinsa ba mu ji ba, tunda aikinmu bai tsaya ba. Rabonmu tafi ne: duk Alhamis ƙarfe 8 na dare mutane su fito ƙofar gida suna tafa mana, wasu har da buga tukwane.

A Janairun 2021 cutar ta kayar da ni. Aka ce in killace kaina kwana 10. Takardar shaida ban sha wahalarta ba, ta intanet na ciro ta ina kwance, kuma wannan abin a yaba musu ne. Da can kwana 3 na farko ba a biyan kuɗin jinya, saboda korona aka ɗage wannan. To amma nawa ne kuɗin? Fam 95.85 a mako. Kada ka juya shi zuwa naira, Yaya, zai ruɗe ka. Hayar ɗakinmu kaɗai fam 500 ce a wata, ga gas, ga wuta, ga sanyin da ba a iya kwana sai da abin ɗumama ɗaki. A lokacin, wanda kuma samunsa bai kai fam 120 a mako ba, ko sisi ba ya samu. Shi ya sa da idona na ga abokiyar aiki ta haɗiye farasitamol a tashar bas, ta gyara takunkumi, ta shiga aiki jikinta na rawa. Ban ga laifinta ba, amma tsofaffin da za ta ɗaga ta yi wa wanka su na ji wa tsoro.

Babban tashin hankalin ya zo daga baya. Akwai waɗanda cutar ta tafi ta bar musu kasala da haki, mutum ya hau bene hawa ɗaya ya zauna. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce a 2022 sun kai kusan miliyan 2. Kuɗin jinya mako 28 ne ya ƙare, daga nan sai neman wani tallafin gwamnati, kamar na naƙasa da suke kira PIP. Na taya wata Baturiya da muke aiki tare cike fam ɗinsa, kauri kamar littafin makaranta. Kina iya dafa abinci? Kina iya wanka da kanki? Kina iya tafiyar mita 20? Ta amsa tana kuka, sannan ta shiga jiran watanni. Ita ma don 'yar ƙasa ce. Mu a jikin bizarmu an rubuta ba mu da rabo a asusun jama'a.

Dokar ƙwadago ta gida kwana 12 ta ba ma'aikaci na jinya a shekara da cikakken albashi, in ya kawo takardar likita, amma wane yaron shago ne ya taɓa jin labarinta? Da aka rufe Kano a Afrilun 2020 daga aljihunka ka ciyar da yaranka uku. Ni kuwa kwana goman nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da kofin kunu, sai mai kawo saƙo ya ajiye leda ya ja baya.

Maganar maganin hawan jinin Hajiya kuwa, ka yi haƙuri. Nan ba kamar kyamis ɗin unguwa ba ne, sai da takardar likita da sunan mara lafiya. Farasitamol ma da bai kai fam ɗaya ba, kwali biyu kawai kanti ke sayar wa mutum. Zan turo kuɗi ranar Juma'a in Allah ya kai mu, ku saya a nan.

Ƙanwarka.