Memori na jawaban shugabanni da na sa aka tura min a Farm Centre

Masu tura waƙa da fim a waya yanzu sun ƙaro wata sana'a, akwai wani shago a Farm Centre nan Kano da suke loda tsofaffin jawaban shugabanni a memori, ka kawo naka a zuba maka ko ka sayi nasu. Ni nasu na ɗauka, kuɗin ba yawa.

Abin da ya burge ni shi ne yaron shagon ya jera su bisa kwanan wata, to nan fa za ka ji yadda harshen mai mulki ke laushi in talaka ya murtuke fuska. Fayil ɗin Jonathan kaɗai ya biya kuɗin. Da farko ga shi yana neman ƙuri'ar 2011 yana ba da labarin yadda ya tashi ko takalmin zuwa makaranta ba shi da shi, sai ran 1 ga Janairun 2012 aka cire tallafin man fetur lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, ƙasa ta ɗau zafi, ran 7 ga wata ya fito da lallami yana cewa za a rage kashi 25 na albashin masu muƙaman siyasa, da yajin aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ran 16 aka dawo da ita 97. Ka saurara a jere wallahi kamar ba mutum ɗaya ba.

Na Tinubu ma haka, 29 ga Mayun 2023 da ƙarfin murya ya ce tallafi ya tafi, amma 4 ga Agustan 2024 ana tsakiyar zanga-zangar yunwa sai ga shi yana cewa ya ji kukan matasa a zo a zauna. Shi dai murya ya sauke, tallafin bai dawo ba.

Matsalarsu kuwa, sauti a wasu fayil ɗin sai ka manna kunne, ga waƙoƙin siyasa da suka cusa ba wanda ya tambaye su, kuma yawanci Turanci ne ba fassara, da na kunna a majalisa sai da na koma tafinta. Na nemi na tsohon gwamnan Kano Abubakar Rimi lokacin da ya soke haraji da jangali a 1979, wai sai wani satin.

In za ka je ka gwada a wayarka kafin ka biya, kuma ka ce a cire maka waƙoƙin.