Klipsch da McIntosh ko Bowers & Wilkins: wanne ya dace da falonka?

Malam, ka tambaya wanne zan ba ka shawarar saya cikin kayan sauti biyun da muka saurara a zamanmu na ranar Asabar a Malali, ka kuma ce falonka mita huɗu ne da biyar, daɓensa tayil, kuma yawancin dare da inbata kake amfani. Waɗannan bayanai su ne ginshiƙin amsata.

Na farko shi ne lasifikan Klipsch Cornwall IV da aka haɗa da amfilifayar McIntosh MC275 (na'urar da ke ba lasifika ƙarfi) mai kwalabe, wato bututun gilashi irin na tsohuwar rediyo, wadda aka fara ƙerawa a 1961, mai wat 75 a kowane ɓangare. Na biyu kuwa Bowers & Wilkins 804 D4 ne na Ingila, tare da amfilifayar transista mai ƙarfi sosai. Babban bambancinsu yana cikin yadda suke cin ƙarfi. Kamfanin Klipsch ya ce Cornwall tana ba da desibel 102 (ma'aunin ƙarar sauti) da wat ɗaya, ita kuwa 804 tana ba da 89, kuma tunda kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka ƙarfi, a lissafin takarda sai ka ba 804 kusan ninki ashirin kafin ta kamo ƙarar Cornwall.

A kunne, kowa ya ji abin da ya faru da aka sa kiɗan kalangu. Cornwall, da babban bakinta mai inci 15 da ƙahon da ke fitar da muryar tsakiya, ta kawo dukan fatar da matsewar tsirkiya har ƙirji, kamar makaɗin yana zaune bakin tabarma. Na lura wani dattijo da ke kusa da taga ya ajiye kofin shayinsa, ya fara kaɗa yatsa a gwiwa bai sani ba. Amma da aka zo kan algaita, sai kaifinta ya soma sukar kunne, domin ƙaho a ɗakin da babu shimfiɗa ba ya rufa asiri. Ita 804 ba ta girgiza mu haka ba, sai dai ta jera komai a mazauninsa: mai goge a hagu, 'yan amshi a baya, har numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti. Wannan tsabtar tana da farashi, domin tsohon faifan da aka naɗa da ƙaramin kayan aiki, duk ƙurarsa sai ta fito fili, kuma na san irin waɗannan ne suka cika ma'ajiyarka.

Batun wuri ma yana tare da Cornwall duk da girman jikinta, domin tun asali an yi ta ne don a jingina ta kusa da bango ko kusurwa, alhali 804 tana son a janyo ta gaba, abin da zai cinye maka tsakiyar falo.

Inda na rabu da haɗin farko shi ne kwalaben. MC275 tana ɗauke da manyan kwalabe KT88 guda huɗu, waɗanda suke cin wuta suna fitar da zafi ko ana kiɗa ko ba a yi. Ka tuna zafin Kaduna a watan Maris da Afrilu, ka tuna batirin inbatarka, sannan kwalaben suna tsufa, kuma sai an yi odarsu daga waje. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansu.

Saboda haka, da kuɗina ne, Cornwall zan ɗauka, in haɗa ta da ƙaramar amfilifayar transista mai kyau, tunda wat kaɗan ya ishe ta. Sharaɗi biyu ne kawai. Ka shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninka da lasifikan, ka rataya labule masu nauyi, don su shanye kaifin nan na algaita. Sannan ka gwada amfilifayar a kan inbatarka kafin ka biya, domin lasifika mai jin wat ɗaya haka tana tona duk wani zuzu da ke cikin wuta. Idan daga Amurka za a kawo maka, ka tabbatar amfilifayar ta wuta mai volt 230 ce, ba mai 120 ba.