Ajin koyon girkin Meziko a Wahaka: masarar ta ci kuɗinta, abin shan sai da shiri

Duk wanda tafiya ta kai shi Meziko daga nan Gombe, ko cinikin zoɓo da riɗi ne, ko taro, ko karatu, da wuya ya kwana biyu a masauki ba a tallata masa ajin koyon girki na yini guda ba. A garin Oaxaca, wanda ake furtawa Wahaka, abin ya zama sana'ar gari, ga kuma hukumar UNESCO da ta sa girkin gargajiyar ƙasar cikin kayan gadon duniya tun 2010. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: a haɗu da hantsi, a zaga kasuwa, a dawo kicin a yi awa uku ko huɗu ana aiki, a ci abin da aka dafa, sannan a rufe da darasin haɗa abin sha. Ɓangaren masara da barkono ya ci kuɗinsa har da riba. Ɓangaren abin sha kuwa, in ba a yi magana da masu ajin kafin biya ba, taya wasu biyan kuɗin giyarsu kawai mutum zai yi.

Tambayar farko kafin a tura ko sisi ita ce: da ƙwayar masara za a fara, ko da garin leda? Ajujuwa masu sauƙin kuɗi da yawa garin Maseca suke buɗewa, a zuba ruwa a kwaɓa, cikin minti biyar an fara gasa tortiya, wato faifan nan na masara da suke cin komai da shi. Zai yi daɗi a can, amma garin ba kayan kasuwarmu ba ne, don haka hannu rabbana za a dawo gida. Ajin ƙwarai shi ne mai nuna yadda ake dafa masarar da wata farar hoda da suke kira kal, wadda ake samu daga ƙonannen dutsen farar ƙasa. Da yake aikin yana kwana, malamin kirki tukunya biyu yake ajiyewa: ɗaya a ɗora a gabanka, ɗaya wadda ta jiƙa tun jiya.

Ga awon da ya kamata a fito da shi a rubuce. Busasshiyar masara kilo 1, wadda ba a surfa ba, ruwa lita 3, kal giram 10, wato kusan cokalin cin abinci guda. A narka hodar a ruwan, a zuba masara, a bar ta tana ɓararraka a hankali minti 20 zuwa 40. Agogo ba ya yanke hukunci a nan, yatsa da haƙori ne ke yankewa: a murza ƙwaya ɗaya, in ɓawon ya saɓule, a gatsa ta, bayanta ya yi laushi, tsakiyarta kuma tana nan fara tas, to ta isa. A sauke, a rufe, ta kwana cikin ruwanta awa 8 zuwa 12. Da safe a zubar da ruwan, a wanke sau biyu ko uku ana murzawa. Kada a wanke ta fes, domin ɗan ɓawon da ya narke shi ke taimaka wa kwaɓin ya yi danƙo. Wannan dahuwa ita ce ke sa garin masara ya kama jikinsa ba tare da fulawa ba, ita ce kuma ke sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin ƙwayar, wanda rashinsa ke kawo ciwon fata ga mutanen da masara ce kaɗai cimarsu.

Wurare uku aikin ke ɓaci. In hodar ta yi yawa, masarar za ta yi rawaya mai duhu, kwaɓin ya yi ɗaci har ya ɗan ƙona harshe. In ta dahu ta wuce, kwaɓin ya zama yauƙi mai manne wa hannu, ba kuma dabarar da za ta dawo da shi. In ba ta dahu ba, ya riƙa wargajewa. Sannan ga abin da malaman can ba sa tunawa su faɗa: Wahaka tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500, birnin Meziko kuwa 2,240, inda ruwa ke tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Lokacin da aka rubuta maka a takarda na can ne. A Gombe wake da nama za su riga wannan lokacin nuna. Masara kuma ta danganta da iri, domin tamu ta Tudun Hatsi sau da yawa ta fi tasu tauri, sai abin ya zo kusan kunnen doki. A fara gatsa tun daga minti 20.

Niƙa ce babbar matsalar gida. A can akwai injinan dutse da ke fitar da kwaɓi mai kauri kai tsaye. A nan injin markaɗe ne, mai injin kuma hannunsa ya saba da ƙullun ƙosai, kana juya baya ya tuttula ruwa. A tsaya a kansa: ya wanke injin daga barkonon wanda ya riga ka, ya riƙa ɗiga ruwa da cokali, a maimaita niƙan sau biyu. In duk da haka ya yi ruwa, a juye cikin tsaftataccen ƙyalle a ɗaure, a ɗora masa nauyi awa guda. Kilo guda na masara yana ba da tortiya wajen hamsin da 'yan kai.

Gashin kansa shi ne abin da bidiyon waya ba ya koyarwa, don shi ma kaɗai ajin ya cancanci zuwa. Curi giram 30, a sa tsakanin leda biyu a matse ya yi faɗin santimita 12 ko 13. Kasko ya yi zafi sosai, ba mai ko ɗigo. Daƙiƙa 30 a juya, kusan minti guda a sake juyawa, a ɗan danna tsakiya da yatsa, sai ta kumbura. In gefenta ya tsattsage wajen matsewa, kwaɓin ya bushe, a jiƙa hannu a sake murzawa. In ta ƙi rabuwa da leda, ruwa ya yi yawa. In ta ƙi kumbura, ko kaskon bai yi zafi ba ko an makara wajen juyin farko. Ana saukewa a lulluɓe su cikin ƙyalle, tururinsu ne ke ƙarasa laushin.

Zagayen kasuwa, wanda galibi a kasuwar Benito Juárez ko wata ta unguwa ake yi, yana iya zama yawon ɗaukar hoto in malamin malalaci ne. Amfaninsa yana rumfar busasshen barkono. A sa shi ya ba ka ka shinshina ancho mai ɗan zaƙi, da guajillo mai santsin fata, da chipotle da aka busar da hayaƙi. Soyayyiyar fara ma tana nan tuli a kwanduna da gishiri da lemun tsami. Baƙi na ta yatsina fuska, mutumin Gombe kuwa farashi kawai zai tambaya. Barkonon nan ana tsaga shi a zubar da 'ya'yan, a gasa kowane gefe daƙiƙa 10 zuwa 15, a jiƙa a ruwan zafi minti 20, sannan a markaɗa. Da ya yi baƙi ya ƙone, ɗacinsa kuma zai bi miyar har ƙarshe. A gida busasshen tattasai yana tsayawa a madadin ancho ba laifi.

Miyar tumatir ɗin da suke kira salsa ba ta buƙatar komai daga waje. Tumatir 4 irin na Kwadon masu nama, kwatan albasa, tafarnuwa 2 da ɓawonta, a gasa su a busasshen kasko har su yi tabon baƙi, a daka tafarnuwa da gishiri da barkono tukuna, tumatir a ƙarshe. Sai dai a kula da lissafin yaji. In takarda ta ce jalapeño biyu, wato koren barkononsu, kada a sa attarugu biyu. A ma'aunin zafin barkono jalapeño yana tsakanin 2,500 da 8,000, dangin attarugu kuwa daga 100,000 suke farawa. Kwatan attarugu da koren tattasai guda ya wadatar.

Inda ajujuwan suka fi cika baki shi ne mole, baƙar miyar nan da Wahaka ke alfahari da ita, mai haɗi sama da ashirin: barkono kala-kala, riɗi, gyaɗa, ayaba, kirfa, har da cakulan. Aikin yini ne cur, wani lokaci biyu. A ajin awa huɗu an riga an gasa an niƙa rabi kafin ka iso, kai dai a ba ka muciya ka yi ta juyi. Ana cin daɗi, ba a koyo. Wanda aka ba zaɓin abin da za a dafa, ya ɗauki miya mai sauƙi da zai gani daga farko har ƙarshe.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci ga Musulmi. Naman alade a fili ba shi ne abin tsoro ba, wannan kowa zai gane shi. Kitsensa ne ke ɓuya. Sunansa manteca, yana shiga soyayyen wake, da tamales, wato kwaɓin masarar da ake turarawa a ƙunshe cikin ganye, da suyar kayan mole. A Wahaka akwai kuma asiento, gurɓin kitsen alade da ake shafa wa babban faifan tlayuda kafin a zuba wake, kuma mai girkin ba ta ɗaukarsa nama, don haka in ka ce mata ba ka cin nama za ta gyaɗa kai ta shafa. Romon kaza yana cikin shinkafa da miya, yankan halal kuwa ba abu ne mai sauƙin samu a garin ba. Mafita ita ce a nemi ajin masu cin ganye zalla ko na kifi, a aika saƙo a rubuce da kalmomin nan: sin cerdo, sin manteca, sin asiento, sin alcohol, wato ban da alade, ban da kitsensa iri biyun, ban da giya. In sun amsa sama-sama, a nemi wani ajin. Masu kirki za su ware maka kasko da man gyaɗa ko na masara, su kuma faɗa maka tun da wuri.

Darasin abin sha a ainihinsa na tekila da mezkal ne, giyar da ake tatsa daga tsiron agabe, kuma kuɗin kwalaben yana cikin abin da ka biya. Wasu wuraren suna rage kuɗi ga wanda ba ya sha, wasu ba sa ragewa, a tambaya. Wanda zama a teburin da ake shan giya bai kwanta masa ba, ya nemi ajin safe da ke ƙarewa da cin abinci. A kuma yi hattara da tepache, jiƙon ɓawon abarba ne da ya yi kwanaki yana tsima, akwai 'yar barasa a ciki ko da an ce maka lemo ne. Gishirin da ake shafa wa bakin kofi ma wani da garin tsutsar agabe ake haɗa shi.

Abin da ya rage bayan an cire giyar ba kaɗan ba ne, in malamin ya ɗauke shi da gaske. Awo ake koya: ruwan lemun tsami mililita 30, na lemun zaƙi 60, ruwan sukari 20 wanda aka dafa sukari da ruwa daidai wa daida, a cika gwangwanin girgizawa da ƙanƙara, a girgiza da ƙarfi daƙiƙa 12 zuwa 15, a tace, a ƙara ruwan soda a sama. Sodar ba ta shiga gwangwani, in ta shiga murfin zai tashi. Lemun tsami a matse shi a lokacin, kada kuma a matse har farin ɓawon, nan ɗaci yake. Ƙanƙarar da ta fara narkewa tana tsinka haɗin. Masu sayen ta leda a Gombe su fasa manyan gutsattsari, su rage girgizar.

Zoɓonsu, wanda ba mamaki daga gonakin arewacin Najeriya ya je, tunda Meziko na cikin manyan masu sayensa a hannunmu, ya fi namu tsinkewa: kofi guda a lita guda na tafasasshen ruwa, minti 15, a tace a ƙara wata litar, sukari rabin kofi, ba citta ba kanumfari. A gaskiya namu ya fi shi. Abin ɗauka shi ne ba sa zubar da dafaffen furen. Matse shi suke yi, su yayyanka, su soya da albasa da tafarnuwa da ɗan gishiri minti 8 zuwa 10, su naɗe cikin tortiya. Sai dai a wanke zoɓon sosai kafin dahuwa saboda yashi. Horchata kuma, wani abin shan nasu, shinkafa kofi 1 ce da sandar kirfa, su kwana cikin ruwa kofi 4, a markaɗa a tace da ƙyalle, a sa sukari da madara. Ba a dafa ta, don haka ba ta wuce yini in babu wuta a firiji.

Wajen tsaraba kada a biye wa shagon da ke jikin ajin. Turmin dutse da matsin ƙarfe za su cinye kilon jaka a banza. Ƙaramin turmi yana gida, kafinta kuma zai haɗa matsi da katako biyu masu faɗin santimita 20, da hinji da mariƙi. Abin sayowa busasshen barkono ne da kal. Rabin kilo na hodar zai dafa masara kilo 50. A saye ta cikin ledar kamfani mai rubutu, a bar ta a rufe, domin farar hoda a ƙulle ba suna ba abin ratsa filin jirgi da ita ba ne. In ta ƙare, tataccen ruwan tokar itace yana saɓule ɓawon, sai dai ya fi cin lokaci kuma kwaɓin bai kai na kal danƙo ba. Kanwa tana bar masa ɗanɗanon sabulu. Farar hodar masu gini kuwa ba ta abinci ba ce, kada ta kusanci tukunya.