Tayil mai zanen dagi da injin CNC ya sassaƙa: yadda ya kasance bayan damina da hunturu

Tun da muka gama gyaran gidanmu a Rijiyar Zaki, da wuya baƙo ya shigo zaure bai miƙa hannu ya shafa bango ba, sannan ya tambayi wane magini ne ya yi zanen. In na ce injin CNC ne ya sassaƙa, wato inji mai bin umarnin kwamfuta, wasu sai su ɗauka zolaya nake. Yawan tambayar ce ta sa na ga gara in rubuta, musamman yanzu da damina ta zuba a kan aikin, hunturu ma ya zo ya gwada shi da ƙurarsa.

Wuri biyu aka yi mana. Bangon zaure daga ciki, wanda aka rufe da allunan MDF, wato katakon garin itace da aka matse, masu kaurin milimita 18, sai fuskar gida daga waje, saman ƙofa da gefunanta, inda aka jera tayil na siminti. Zanen duk dagi ne, irin igiyar nan da ke hawa kan 'yar'uwarta ta sake nutsewa ƙarƙashi, wadda muke gani a jikin babbar riga da kayan dukawa, kuma ta zama alamar Arewa tun zamanin Sardauna. Na daɗe ina sha'awar zanen bangon da ke Gidan Makama da tsofaffin gidajen cikin birni, amma gidanmu na bulo ne, kuma maginan da suka iya fitar da zane da hannu a kan ɗanyen yaɓe sun yi ƙaranci ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne tun kafin a kunna inji. Matashin da ya yi zanen ya karanta fasahar gine-gine a jami'a, kuma bai zana hoton dagi ya ce ga shi nan ba. Ƙa'idoji ya gina a kwamfuta: faɗin igiya kaza, zurfinta kaza, sau nawa za ta ratsa, girman kowane tayil, da tazarar da za a bari tsakaninsu. Manhajar Rhino yake amfani da ita, tare da Grasshopper da ke cikinta, inda za ka ga 'yan akwatuna an haɗa su da layuka, kowane akwati da lissafin da yake yi. Ka taɓa lamba ɗaya, bangon gaba ɗaya ya sake fasali a kan idonka.

Maiɗakina ce ta fara cewa zanen ya cika cunkoso. Sai ya ce, "Hajiya, a rage yawan ƙullin ne ko a sirance igiyar?" Ya ja wani ɗan maɓalli gefe, ƙulle-ƙullen suka ragu, suka buɗe, iyakar bangon kuma ba ta motsa ba. Da a takarda ne, sai an sake zane daga farko, kuma na san da mun haƙura da na farkon don kada mu wahalar da shi.

Inda hanyar ta nuna amfaninta sosai shi ne a karkacewar bango. Da aka auna zauren, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan santimita 4, abin da duk mai gini a garin nan ya saba gani. Da tayil na kasuwa ne irin wanda ake saya a Ƙofar Ruwa, sai dai a yanke layin ƙarshe, zane ya gutsure a kusurwa, ido kuma ya riƙa komawa wurin. Shi kuwa sai ya shigar da ainihin awon kusurwoyi huɗun, lissafin ya raba bambancin a kan dukkan ƙulle-ƙullen, ƙanƙane ƙanƙane, yadda ba mai lura. Igiyar ta zagayo ta rufe kanta a kowane gefe. Ya kuma sa zurfin sassaƙar ya fi yawa a ƙasa kusa da ƙofa, yana raguwa a hankali zuwa sama, don haka da yamma in hasken rana ya shigo a karkace, ƙasan bangon ya fi duhun inuwa. Wannan shawararsa ce, kuma ta yi kyau.

A nan zan ja hankalin mai niyyar yin irin aikin. Shagunan da ke da injin CNC sun fara yawa a Kano, amma yawancinsu zanen da aka sauko da shi daga intanet suke da shi, furanni da ganyaye irin na ƙofofin Turkiyya da Dubai, su buɗe a manhajar ArtCAM ko Aspire su ja shi ya cika allo. Jan hoto daban, gina zane da lissafi daban. In aka ja hoton dagi sama don ya cika bango mai tsawo, igiyar kwance za ta yi kauri ta bar ta tsaye siririya, ƙullin ya zama kamar an taka shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka ce a ƙara faɗin bangon amma kaurin igiya ya tsaya yadda yake. In ya iya nan take, to ya san aikin.

Sassaƙar kanta a wani wurin aiki aka yi ta wajen Sharaɗa. Teburin injin yana ɗaukar cikakken allo mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440. Kan injin yana tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, yana bin umarnin da kwamfuta ta fitar, bakinsa kuma yana juyawa wajen sau 18,000 a minti ɗaya. Sau biyu ake bi. Da farko a ɗaura baki mai faɗi ya kwashe tsokar katakon mataki-mataki, sannan a sauya da mai zagayayyen kai ya bi layi-layi yana gyara fuska. Wannan bi na biyun shi ne mai cin lokaci, kuma shi ne mai cin kuɗi. In aka buɗa tazarar da ke tsakanin layukan don a yi sauri, sai ka ga fuskar aikin ta fito da tudu da kwari kamar kunyar gona, sai an bi da samfefa, samfefa kuma tana dakushe gefunan zane. In aka matse tazarar, aiki ya fito sumul, amma allo ɗaya sai ya cinye wuni, janareta na shan gas.

Akwai abin da injin ba zai iya ba, kuma ba su gaya mana ba sai da muka gani. Baki mai zagaye ba ya fitar da kusurwar ciki mai kaifi. Mai faɗin milimita 6 dole ya bar lanƙwasa ta milimita 3 a duk lungun da igiya biyu suka haɗu. A samfurin farko da suka yi mana, dagin ya fito da taushi, ba shi da tsinin nan da ake gani a aikin hannu, inda magini ke cusa bakin wuƙa ya fitar da lungu. Sai da aka ƙara bi na uku da baki mai tsini kamar harafin V sannan lungunan suka fito. Ƙarin kuɗi ne, amma ba don shi ba da aikin bai yi kama da namu ba. Duk wanda zai yi, ya nemi a sassaƙa masa guda ɗaya tukuna, ya ɗauke shi ya jingina a bangon da za a saka, ya dube shi da safe ya dube shi da yamma. Gani ya kori ji, hoton kwamfuta kuwa kullum kyakkyawa ne.

Ƙorafina na farko a kan wurin aikin ne. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar allo, kafin a tada janareta inji ya manta inda ya fara, mai kula da shi kuma bai rubuta ma'aunin mafarin ba. Da suka ci gaba, sai wani siririn mataki ya ratsa allon daga gefe zuwa gefe. Sun so su cike da fenti su wuce, na ƙi, suka sake wani da kuɗinsu, amma ranar da aka yi alkawari ta wuce da nisa. Na biyu, yaran da ke aikin ba su da abin rufe hanci. MDF garin itace ne da aka matse da gam mai sinadari, ƙurarsa laushi gare ta, tana shiga ƙirji. Na yi wa mai wurin magana, ya ce ana ba su, su ne ba sa sakawa. Allah Ya kyauta.

Tayil ɗin waje hanyarsa daban, domin MDF ba ya shiri da ruwa. Injin ya sassaƙa uwar zane, aka shafe ta da man rufe ƙofofin katako, aka zuba roba a kanta aka sami mazubi, sannan aka riƙa zuba siminti da yashi mai laushi da zaren gilashi a ciki. Dole gefunan zanen su ɗan kwanta kaɗan, in ba haka ba tayil ba zai fita daga mazubi ba sai ya karye, don haka na waje bai kai na ciki kaifi ba. Kuma a nan 'yancin nan na sauya kowane tayil ya ƙare, saboda kowane sabon fasali sabon mazubi yake nema. Iri huɗu aka yi: na tsakiya, na gefe, na kusurwa, da na saman ƙofa, aka yi ta maimaitawa. Siminti yana son a riƙa ba shi ruwa a makon farko, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Su kuwa don gaggawa sun kawo wasu da wuri, kusurwoyinsu suka fashe a hanya. An sauya su.

Wanda ya kamata in yaba wa da gaske shi ne dattijon maginin da ya jera su, wanda ya yi wa mahaifinmu aiki shekaru da dama. Da ya ga lambobi a bayan allunan da takardar jeri, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, wannan ai lissafi kuka kawo mini, ba gini ba." Na ce, "Baba, a dai duba mana." Bai fara ba sai da ya sa aka sake shafe bangon waje, don ya ce yana da ciki a tsakiya. Ya ja igiya, ya fara daga tsakiyar ƙofa zuwa gefuna, yana saka 'yan tsinke don tazarar milimita 3 ta daidaita. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya cike mahaɗan. Bai shafe su a miƙe kamar na tayil ɗin banɗaki ba, ya bi tudun igiyar da yatsa, inda ta hau ya hau, inda ta nutse ya nutse, har mahaɗar ta ɓace. Injin bai san da wannan ba, mai zanen ma bai rubuta shi a takarda ba. Da wani birkila mai sauri aka ba, da yanzu murabba'ai ake gani maimakon dagi.

Damina ba ta yi wa na waje komai ba, ko tsaga ɗaya ban gani ba. Hunturu ne ya nuna halinsa. Duk wani gefe da ke kallon sama sai da ƙura ta kwanta a kai, musamman inda zurfin ya kai milimita 15. Sa'ar da muka ci ita ce launin ƙasa muka sa a cikin simintin, irin jan nan mai kama da na makuba, don haka ƙurar ta saje, har ma ta ƙara fito da zanen. Na ga wani gida da aka yi wa irin wannan da farin fenti, zuwa watan Janairu kowane lungu ya yi ja, sai ka ce ba a taɓa wanke shi ba. A Kano ban ga dalilin farin tayil mai zurfin zane a waje ba.

Na ciki kuwa yana son burushi mai laushi duk mako, tsumma ba ya shiga lungunan. Matsalar da ta fito ita ce layin ƙasa kusa da ƙofa. Ba su shafe ƙasan allunan da abin kariya ba, fuska kawai suka fenta, ruwan goge ƙasa da feshin ruwan sama suka shiga, gefen allo biyu ya kumbura ya yi laushi. MDF in ya kumbura ba ya komawa. Kafinta ya yanke wurin ya ɗora dutsen gefe mai tsawon taƙi ɗaya, abin ya rufu, amma ƙullin ƙasa ya rasa gindinsa.

Batun kuɗi, ya fi tayil na kasuwa da adon POP tsada nesa ba kusa ba, kuma da lokacin inji ake lissafi, ba da faɗin bango kaɗai ba. Zanen da ake hudawa ya fita ta baya, irin na tagogi da shingen falo, yana da sauƙi domin bi ɗaya ne. Mai tudu da kwari irin namu shi ne mai tsada. Ga bango ɗaya da ido ke fara sauka a kai, zaure ko fuskar gida ko mihrabin masallaci, na ga ya cancanci kuɗinsa. A ce za a zagaye gida duka da shi, ɓarna ce.

Muna shirin yin bangon falo, kuma wannan karon allon roba na PVC za mu sa a layin ƙasa, tunda ruwa ba ya cinsa, gara ma haka. Na nemi a ba ni fayilolin aikin don ko allo ya lalace a iya sassaƙa wani a ko'ina. Sun ba ni na DXF da na STL, waɗanda kowane mai inji zai iya buɗewa, amma ainihin lissafin Grasshopper mai zanen ya ce wannan jarinsa ne, sai dai a yi ciniki daban. Har yanzu muna kan maganar.