Amfilifaya Mai Kwalba: 300B Ko KT88?

Masu son sauti mai laushi har yau ba su rabu da amfilifaya mai kwalba ba, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti mai aiki da kwalaben lantarki na gilashi, kuma gardamarsu ta fi zafi a kan kwalabe biyu.

300B ta kamfanin Western Electric ce, ta fito a 1938. Idan kwalba ɗaya ke jan kowane ɓangare, wato lasifikar hagu ko ta dama, wat 8 kawai take bayarwa. Amma fa muryar mawaƙi! Sai ka ji har jan numfashinsa, kamar yana zaune gabanka. Sharaɗinta lasifika mai ba da ƙara sosai da ƙarfi kaɗan. In ba ita, ganga ta shigo sauti ya dusashe.

KT88 kuwa, wadda GEC ta Ingila ta ƙera, ƙarfi ne da ita. Amfilifayan McIntosh MC275 na 1961 yana ɗauke da guda huɗu, suna aiki bibbiyu, wannan ta tura waccan ta ja, wat 75 kowane ɓangare. Kusan duk lasifikar da ka ba shi zai ja ta, sai dai ɗakin zai ɗau zafi, kwalaben sauyawa kuma sun fi yawa.

Ni dai a ƙaramin ɗaki, da dare, 300B nake kunnawa.