Mai fulawar da ya ƙi aske mini shinge saboda kurciya

Shekara uku ke nan ina sayen dashe a wani gandun fulawa da ke bakin titi, idan ka wuce Kwangila za ka Samaru a Zariya. Duk wanda ya zo gidana a Hanwa ya ga shingen da ya lulluɓe katanga sai ya tambaya a ina na samo, har na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, daɗin da ɗacin. Wurin ba shi da allo balle suna. Mai shi wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, yana da yara biyu masu ban ruwa, da rijiya, da wani dogon benci a gindin darbejiya. Sauran duk baƙaƙen ledoji ne jere reras har bakin kwalbati.

Ranar da na fara zuwa cikin watan Maris ne, bazara ta kankama, mun tare a sabon gida tsakar gidan ƙwal kamar filin idi. Na lissafa masa mangwaro huɗu, gwaiba, lemun tsami, da duk wata fulawa da idona ya kai gare ta. Baba ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya ce, "Malam, kana da rijiya a gidan?" Na ce sai dai 'yan ga-ruwa. Ya ce, "To mayar da kuɗinka aljihu. In ka ga shamuwa ta sauka, ka dawo."

Na ɗauka salon ciniki ne, ashe da gaske yake. Shamuwa takan baro kudancin Afirka ta iso mana wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwa irin su rimi da tsamiya, kuma isowarta ce ke gaya wa manomi ruwa ya kusa. Damina a Zariya takan faɗi a Mayu, ta zauna a Yuni, ta ɗauke farkon Oktoba, ruwan shekara bai wuce milimita 1,000 da ɗan wani abu ba, kuma a Agusta ya fi sauka. Dashen da ka sa a ƙasa a Yuni yana da wata huɗu na ruwan Allah kafin ya san wahala. Wanda ka sa a Maris kuwa kai da mai kura ne, jarka bayan jarka, ƙarshe ya bushe ka ce mai gandu ya cuce ka. Abu biyu kawai ya yarda ya sayar mini ran nan: kariya guda biyu, da bogenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, guda goma sha biyu. Ya ce waɗannan da ƙishirwa aka haife su.

Kariyar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Gindinta ya kumbura kamar tulu, tana zubar da ganye da rani, sannan a lokacin da komai ya yi furu-furu da ƙura sai ta fito da fure ruwan hoda a kan rassa tsirara. Baba ya ja mini kunne tun kafin in ɗauka cewa ƙaronta dafi ne, har mafarauta kan sa shi a kibiya, don haka kada in aje inda yara ko akuya za su kai baki. Na ji daɗin wannan gargaɗin, domin a wasu gandayen sai dai a karɓi kuɗi a ce Allah ya raya.

Bogenbiliyar ce ta zo da labari. Shekarar farko ta yi ganye shar, ta haye katanga, amma fure ko ɗaya. Na koma da ƙorafi. Baba ya tambayi yadda muke ba ta ruwa, na ce uwargida ba ta fashi, safe da yamma, har ruwan ɗauraya can ake juyewa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Kun shagwaɓa ta. Wadda ta ƙoshi me zai sa ta yi kwalliya?" Muka rage ruwan zuwa sau ɗaya a mako, kafin wata biyu katangar ta kama da launi. Kuma abin da muke kira furen nata ma ba shi ne furen ba, wasu ganyaye ne masu launi, sirara kamar takarda. Furen gaskiya ɗan fari ne ƙil a tsakiya, sai ka sunkuya za ka gan shi.

To a nan laifin farko ya fito. Na biya kuɗin farare shida da masu ruwan goro shida, na dasa su ɗaya bayan ɗaya don su gauraya. Da suka yi fure, tara duk jajaye ne masu ɗaukar ido, farare uku kacal, ruwan goro ko na magani. A gandun nan babu leda ɗaya da aka rubuta wa suna ko launi, babban yaron cewa yake da ido yake gane su, idon nasa kuwa ga abin da ya haifar. Baba bai yi musu ba, ya ba ni uku kyauta, amma shekara guda ta riga ta tafi, kuma wa zai tumɓuke shingen da ya kai kafaɗa? In launi ya dame ka, je ka tsakanin Fabrairu da Afrilu, ka zaɓi wadda ke da fure a cikin ledarta, ka ɗauka da hannunka.

Laifi na biyu ƙasar da suke sayarwa a buhu. Suna ce mata baƙar ƙasa mai taki, kuma tana da kyau a ido, sai dai buhu uku da na saya sun shigo mini da aya-aya, har yau ina fama, ka cire nan ta tsiro can. Takin ma bai gama ruɓewa ba, ya jawo gara ta cinye mini mangwaro ɗaya daga saiwa, ina ganin ganye kore ashe ciki ya zama hoto. Yanzu kashin shanu nake saye da kaina in tara shi a lungu ya kwana biyu yana shan ruwa kafin in zuba. Farashi kuma ba tsayayye ba ne. Dashen da aka ce mini naira 1,500 ranar da na je a mota, shi maƙwabcina ya saya 1,000 da ya je a Keke Napep, kuma yaran ne ke wannan in Baba ya tafi masallaci. Ka taya, kada ka ji nauyi.

Duk da haka ban canza wuri ba, kuma bencin nan ne dalili. Ranar Asabar da hantsi ba ka rasa mutum huɗu biyar a kai, wasu ko leda ɗaya ba za su saya ba. Akwai wani tsohon ma'aikacin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, shekara arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ba ya gajiya da tuna mana hakan. Akwai wani mai kula da lambun wani gida a GRA, da wata Hajiya da ake sauko wa kujerar roba a gefe. Hirar takan fara da wa ya ga me. Wannan ya ce mangwaronsa ya zubar da huda saboda hazon bana, wancan ya ce ɗorawar hanyar Shika ta rataya jajayen tuntayenta tun Fabrairu. Darbejiyar da ke kanmu kuwa a Maris da Afrilu takan zubo mana 'yan fararen furanni a hula, ƙamshinsu ya fi tashi da magariba. Sai a shiga jiran itacen nan mai jan fure kamar gobara, mai 'ya'ya dogaye kamar adda, wanda ke kamawa dab da faɗuwar ruwa.

Wata rana tsohon ma'aikacin ya nuna ledojin da sandarsa ya ce duk dashen nan baƙi ne daga wasu ƙasashe. Bogenbiliya daga Kudancin Amurka take, sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe aka laƙaba mata. Mai jan furen daga Madagaska. Ita kanta darbejiyar da muke fakewa a inuwarta 'yar Indiya ce, ta Borno ta shigo ƙasar nan wajen 1928. Ya ce ina gurjiya, ina lalle, ina ɗorawa? Baba ya ce, "Yallaɓai, wa zai ba ni kuɗi a kan abin da yake gani a daji?" A nan ina bayan tsohon ma'aikacin. Na nemi dashen lalle, wanda ƙamshin furensa da dare ya fi turaren kanti da yawa, sai da na yi wata biyu ina sintiri kafin a samo mini.

Ita Hajiya kullum ƙararta ɗaya ce: marai. Sun sauka a kan dogayen itatuwan kwalliyarta masu kama da kwakwa, sun tsattsage ganyen sun bar tsinke kamar tsintsiya. Ta zo neman maganin feshi da zai kore su. Baba ya ce ba ya da shi, ko yana da shi ma ba zai bayar ba. Tsohon ya karɓe zancen, ya ce namijin ne ke tsago ganyen siriri ya saƙa sheƙar da baki da ƙafa, ƙofar tana kallon ƙasa, sannan ya rataye a jikinta yana karkaɗa fiffike yana kiran mace. In ta leƙa ba ta yi mata ba, ko ganyen ya bushe ba a samu mai so ba, shi da kansa zai warware ya sake sabuwa. Hajiya ta ce, "Ashe har a tsuntsaye ana kai lefe a dawo da shi." Aka yi ta dariya, ta tafi ba magani, ta kuma dawo Asabar ta gaba da ƙarar nan dai.

Baba da yaransa suna zuwa gida aski da gyaran shinge, kuma a kan wannan aikin ne na ƙara sanin mutumin. Ƙarshen Afrilun bana furen ya fara zuba, rassan sun tsallaka katanga suna kama rigunan masu wucewa, muka yi da Baba zai zo da yaro ranar Talata a rage su kafin ruwa. Ba su zo ba sai Alhamis, wannan ma halinsu ne, in sun ce gobe ka ƙara jibi. Yaron ya kafa tsani ya fara daga bakin ƙofa, almakashi na ta ƙaras-ƙaras, ya ci kusan rabi, sai wani abu ya tashi fir daga cikin ƙayar ya sauka a kan wayar wuta. Yaron ya leƙa ya ce, "Baba, kurciya ce, da ƙwai."

Na hau tsanin na gani da idona. Sheƙar ba ta da wani fasali, 'yan tsinkaye ne aka ɗora a mararrabar reshe, har kana hango hasken ƙasa ta cikinsu, ga fararen ƙwai biyu a kai kamar iska za ta ture. Amma ta san inda ta zaɓa, domin ƙayar da ta kewaye wurin ko mage ba ta ratsawa, hankaka ma sai dai ya yi shawagi ya wuce. Uwar tana kan waya tana kallonmu, ƙirjinta ja-ja mai ɗigon baƙi.

Baba ya ce wa yaron ya sauko. Na ce ai sai a zagaye wurin a aske sauran. Ya ce, "A'a Malam. In ka buɗe mata sama, rana ta dafa ƙwan, shirwa ta ga 'ya'yan. Kwanci mako biyu ne, 'ya'yan su yi fiffike wani mako biyun. Wata ɗaya kawai take roƙo." Na ce to kuɗin aikin fa, tunda an yi rabi? Ya ce in riƙe sai an gama. Ko na Napep bai karɓa ba.

Gaskiya raina bai so ba a lokacin. Katanga rabi a aske rabi buzu-buzu kamar kan yaron da wanzami ya gudu ya bari, ga baƙi muna jira na sunan ƙanwar uwargida. Amma watan nan yarana ba su taɓa tashi da wuri irinsa ba. Su suka gano cewa ba tsuntsu ɗaya ke kwancin ba, ana karɓa-karɓa ne, namijin da rana, macen daga yamma har wayewar gari. Da aka ƙyanƙyashe, ƙaramar ta zo da gudu tana cewa uwar za ta haɗiye ɗanta, ashe ɗan ne ke cusa baki cikin maƙogwaronta yana shan wani farin abu mai kauri da iyayen biyu ke fitarwa daga maƙoƙo. Na kai wannan labarin benci, tsohon ma'aikacin ya ce tattabara ma haka take yi, Hajiya ta ce ita dai da za a yi musaya, ta ba ni marai ɗinta duka ta karɓi kurciyata.

'Ya'yan sun tashi ana saura kwana kaɗan Mayu ya ƙare, ruwa ya riga ya sauka sau biyu. Na aika wa Baba, ya ce Talata, suka zo Laraba. Yaron ya gama askin tsaf, ya kwashe ƙayar ya ƙone a waje ba tare da an ce masa ba, na biya abin da muka yi tun farko ba ƙari. Sai dai a kusurwar da ke kusa da tankin ruwa ya bar wani reshe guda tsaye kamar tukku. Na tambaye shi, ya ce in hau in duba. Tsinkaye biyar ne ko shida a mararrabar reshen, ba a kai ga ƙwai ba tukuna, namijin kuma yana kan waya da wani tsinken a baki.