Madubin hangen nesa: wanne ya kamata ka saya in za ka shiga daji kallon tsuntsaye da namun dawa?

Zuwana na farko Dagona, can wajen Gashuwa a jihar Yobe, cikin watan Janairu ne ana tsakiyar sanyi, kuma a ranar na gane an cuce ni. Kafin tafiyar na shiga wata kasuwa na sayi madubin hangen nesa, mai shagon ya yi ta rantsuwa wai na sojojin Rasha ne, ga 60x60 an rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsa, gilasan gaba jajawur kamar garwashi, har ya ce da shi ko da daddare zan hango mutum daga nesa. Na biya na tafi ina murna. Da sassafe muka tsaya bakin ruwa, ga kirinjijiya nan garke-garke suna ta fito, ga dinya can tsallake kusa da kachalla, ga agwagin nan da ke barowa Turai su zo su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, na ɗaga abin na kai ido, wallahi kowane tsuntsu sai ya zama biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, komai ya koma launin kore-kore mai duhu. Ban yi minti goma ba kaina ya fara sarawa. Dattijon da ke yi mana jagora ya ga yadda nake ta murza ido, ya ciro wani tsohon madubi daga wuyansa, robar jikinsa duk ta koɗe, ya ce "ɗan nan gwada wannan". Lambar jikinsa 8x42 ce kawai. Ina ɗagawa na ga farar fuskar kirinjijiya tar, har ɗigon ruwan da ke sauka daga bakinta.

Tun daga ranar na daina yarda da babbar lamba, kuma shi ne abin da nake so duk mai shirin saye ya fara ganewa.

Lambobi biyun nan ba ado ba ne. Ta farko ita ce sau nawa yake kusanto maka da abu, wato in 8 ce, giwar da ke nisan mita 80 za ka gan ta kamar tana mita 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ne ƙofar da haske ke shiga. In ka raba ta biyu da ta farko za ka samu faɗin ɗan hasken da ke fitowa ya shiga idonka, a 8x42 ya kai milimita 5.25, kuma wannan shi ne ke ceton ka da asuba da wajen magariba, lokacin da dabbobin suke fitowa, don da rana tsaka kowa ya shige inuwa. Yanzu ka lissafa na 60x60, milimita 1 kacal ke nan ko da gaskiya suka rubuta, balle ma ƙarya ce, da na dawo gida na sa rula a gilashin nawa ko 40 bai kai ba. Sannan duk yadda madubi ya ƙara kusanto da abu haka yake ƙara rawar hannunka, ka wuce 10 ko 12 to sai da ƙafar ɗorawa, kai kuma kana cikin kwale-kwale ko bayan motar shiga daji tana ta girgiza.

Ni dai zaɓina 8x42 ne wanda aka toshe shi ruf, ruwa ba ya shiga ƙura ba ta shiga, kuma wanda nake riƙe da shi yanzu Nikon Prostaff P7 ne. Ba na ɓoye cewa ina son sa. Abin da ya fara jan hankalina ba ma hasken ba ne, toshewar ce, don mu a nan babban makiyin madubi ƙurar hunturu ce, wannan mai laushin kamar garin tuwo da ke shiga ko'ina har cikin agogo. An cika cikinsa da iskar naitirojin an rufe, saboda haka in ka fito da shi daga ɗaki mai sanyi zuwa waje, ko raɓar asuba ta sauka a kansa, ba ya yin hazo ta ciki. Kamfanin ya ce zai jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 10, ni ban jefa shi ba, amma ruwan sama ya taɓa dukan mu tare a kan dutse kuma ko a jikinsa. Nauyinsa bai kai giram 600 ba, ka yini da shi a wuya ba za ka kwana da ciwon wuya ba. Faɗin abin da yake nuna maka kusan mita 126 ne a nisan mita 1000, kuma wannan faɗin yana da muhimmanci ƙwarai, tsuntsu ba ya jiran ka, in ya tashi daga reshe kana buƙatar fili a cikin madubin kafin ka bi shi. Akwai kuma wani ɗan abu da mutane ba sa kula da shi, zoben da ake saita bambancin idon dama da na hagu, a wannan yana da makulli, ka saita sau ɗaya ka kulle shi ke nan. Duk wanda ya taɓa fita da yara ko abokai, kowa na cewa ba ni in gani, ya san yadda ake dawo maka da madubi an jujjuya komai. Masu sa tabarau ma ba sai sun cire ba, ka murɗa robar idon ƙasa kawai ka kalla.

Da shi na je Yankari a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya janye daji ya bushe, dabbobi na taruwa a kwarin kogin Gaji. Muka hango giwaye can nesa tsakanin itatuwa, wasu a cikin motar suka fara matsa wa direba lamba wai ya matsa kusa su ɗauka da waya, ni kuwa daga inda muke ina ganin wata uwa tana watsa wa bayanta ƙasa da hanci, ɗanta na manne a gefenta, har tsagar da ke kunnenta ina gani. Giwayen Yankari ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150 ne, suna cikin 'yan kaɗan da suka rage mana a Najeriya, kuma gandun nan tun 1956 aka keɓe shi don su da sauran namun dawa, ba don a riƙa kora su da ƙarar inji ba. Abin yana min ciwo in na ga haka. Wanda ke da madubi mai kyau ba ya buƙatar matsawa, ba ya buƙatar jifan reshe don tsuntsu ya motsa, ba ya sa ma'aikacin gandu cikin haɗari.

Sauran kuwa, Celestron Nature DX 8x42 shi ma a toshe yake kuma ya fi sauƙin kuɗi, in aljihu bai kai ba ka ɗauke shi ba za ka yi da-na-sani ba, yana ma iya saita abu a nisan mita 2, masu son malam-buɗe-littafi da ƙananan tsuntsaye irin na dajin Amurum da ke kusa da Jos za su ji daɗinsa. Vortex Diamondback HD ana yabon garantinsa na har abada, to amma wa zai kai maka shi Amurka ya dawo da shi? Nikon Aculon A211 mai faɗin kafaɗa yana da haske kuma da araha, sai dai ba a toshe yake ba, ni kuma na gama da duk abin da ƙura za ta shiga. 10x42 na masu hannun da ba ya rawa ne, kuma filinsa ya fi ƙunci. Ƙananan nan na aljihu 10x25 da rana ne kawai, rana na yin sanyi sun makance. Masu zum, wato waɗanda ake ƙara ko rage kusantowarsu, irin 10-30x50, kar ma ka tsaya. Swarovski da Zeiss da Leica kuwa ba musu su ne sarakuna, amma kuɗin ɗaya zai kai ka Yankari sau da yawa har ka yi wanka a Wikki, ruwan ɗumin da ke cikin gandun, ka dawo da canji.

Yanzu maganar jabu, don nan ne kuɗin mutane ke salwanta, kuma wallahi abin ya yi yawa. Kasuwanninmu da shafukan sayar da kaya a intanet cike suke da madubai masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni alhali kamfanin bai san da zamansu ba. Alama ta farko lambar hauka, 60x60, 80x80, 100x180, har da masu rubuta dubbai. Alama ta biyu jan gilashi ko mai ruwan lemo da ke ƙyalli kamar madubin kwalliya, wannan jan yana mayar da haske waje ne maimakon ya bar shi ya shiga, shi ya sa komai ke komawa kore-kore, gilashin kirki in ka karkata shi ɗan shuɗi ko kore ko shunayya za ka gani a hankali, kuma kana iya leƙa cikinsa. Alama ta uku a ce maka yana gani da daddare. Madubin da ba shi da batir ba shi da na'urar lantarki ba ya gani cikin duhu, duk wanda ya ce maka haka maƙaryaci ne ko shi ma an yaudare shi. Sai masu zanen tauraro da rubutun Rashanci da ɗan kamfas na roba a sama don a ce na soja ne, duk ado ne na jan ido.

In kana gaban mai shago ga abin da za ka yi, kuma kar ka ji kunya, kuɗinka ne. Ka miƙe hannu da madubin ka fuskanci haske, ka kalli gilasan da ake sa ido, za ka ga ɗan da'irar haske a kowanne, ya kamata ya zama zagayayye tas, in ka ga yana da kusurwa huɗu masu inuwa ko an gutsure gefensa to gilashin ciki mai araha ne ko ya goce. Ka fita waje ka nemi wayar lantarki ko bakin rufin kwano da ya miƙe, ka saita, sannan ka ja madubin baya kaɗan daga fuskarka idanunka biyu a buɗe, layin da ke dama da na hagu su haɗu su zama ɗaya, in ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo ajiye shi, wannan shi ne ciwon kan da na sha a Dagona, kuma gyaransa ba na bakin titi ba ne. Ka kunna tocilan wayarka ka haska ta gilashin gaba ka leƙa, za ka ga ƙura in akwai, ko zare-zaren fumfuna kamar yanar gizo, wannan ya fi yawa a na gwanjo, kuma fumfuna in ta daɗe tana cin rufin gilashin ne, wato ɗan siririn shafen da kamfani ya yi masa, ba ta goguwa. Ka murɗa abin saitin tsakiya daga farko zuwa ƙarshe, in yana sassarfa a wani wuri ya cije a wani wuri to akwai magana. In kana son gane ƙaryar lamba kuwa, kalli katangar bulo da ido ɗaya ta cikin madubin, ɗaya idon a buɗe a waje, ka ƙirga layin bulo nawa na ido tsirara ne suka shige cikin bulo ɗaya na madubin, abin da ka samu shi ne ainihin lambar, nawa na 60 ɗin nan da ƙyar ya kai 8.

Masu sayarwa a Facebook da Instagram su ma a yi hattara, da yawansu hoton na gaske suke ɗaukowa daga shafin kamfani su manna, abin da zai iso hannunka daban. Ka fara shiga shafin kamfanin ka duba ko suna ma yin wannan samfurin da wannan lambar, sau da yawa za ka tarar babu shi sam, sannan ka duba farashinsa da dala ka lissafa da canjin ranar, in wani ya ce zai ba ka a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗin har da kawowa kyauta to ka san inda aka dosa. Ka ce ya ɗauko maka bidiyon abin a hannunsa, ya nuna lambar da aka buga a jiki da wadda ke kan kwali. Kar ka tura kuɗi duka kafin ka riƙe kaya. Ni nawa wani ɗan'uwa ne da ke dawowa daga waje ya sayo min a shagon kayan hoto da rasit ɗinsa, kuma har yau ina ganin ita ce hanya mafi kwanciyar hankali in kana da wanda za ka aika.

Rasit ɗin nan ka adana shi a jakar madubin, don a halin tsaron da ake ciki za a iya tsayar da kai a shingen bincike a tambaye ka me kake yi da shi, ka yi bayani cikin ladabi ka nuna takarda ka faɗi gandun da za ka. Saboda wannan dalilin ma nake cewa kar ka sayi mai launin kakin soja, ɗauki baƙi ko kore mara zane, kuma ya zauna a jaka har sai ka shiga gandun, ba a ɗaga shi kusa da bariki ko shinge.

In ka samu na kirkin kuma don Allah kar ka goge gilashinsa da bakin riga ko gefen mayafi, ƙurar hunturu yashi ce, kana gogawa kana kankare rufin da ka biya kuɗi dominsa. Ka fara hure ƙurar da ɗan famfon roba irin na masu kyamara, sannan ka bi da ƙyallen da ya zo da shi a hankali. Kar ka bar shi a gaban mota rana na dukan sa, kuma ka ja wa yara kunne sosai kar wanda ya kalli rana da shi ko na daƙiƙa ɗaya, yana iya ƙona ido nan take.